Kwana Uku Na Aiki

Shekara talatin ina kwance ƙarƙashin manyan motoci a Suame,
baƙin mai ya kama min ƙumba kamar lalle,
ban taɓa riƙe sidi dubu tamanin da yatsa biyu ba
sai ran Talata, da kamfanin katako ya biya ni gyaran tirela huɗu
a kan 'yar takarda shuɗiya
wadda iskar fanka ma za ta iya sacewa.

Na wanke hannu sau uku da sabulun salo.
Na sa rigar Juma'a ran Laraba.
Tasalla ta ɗago daga tukunyar koko ta dube ni,
ta ce, "Malam Barmu, suna ake yi a Adum?"

Na naɗe cek ɗin a leda,
don hadarin Kumasi ba ya sallama.
Daga Aboabo har tsakiyar gari
hannuna bai bar aljihun ƙirji ba,
har wata dattijuwa a tirotiro ta tambaya
ko zuciya ce ke damuna.
Na ce, "Kusan haka ne, Iya."

Banki akwai sanyi irin na randa.
Mai gadi ya buɗe min ƙofa, ya kira ni Alhaji,
ni kuwa ban gyara masa ba.
Lamba arba'in da bakwai, kujerar ƙarfe.
Na zauna ina ta lissafi:
an ce sai kwana uku na aiki kafin kuɗi su nuna,
kamar ayabar da aka rufe a buhu.
To, kwana uku zan yi ina mai kuɗi,
kowa ya zo in ce masa, "Suna banki."

Yarinyar bayan gilashi ta karɓa.
Ta dubi cek, ta dubi ƙumbata, ta dubi katina,
ta ɗaga takardar saitin fitila
kamar mai duba ƙwai.
Sannan ta turo min ita a hankali.
A kati ni Barmu ne.
A cek an rubuta Baramu.
Harafi ɗaya, ɗan mitsitsi,
ya tare hanya kamar tirelar da ta mutu a kan gada.

A bakin titi na kira akawun kamfani.
Dariya ya yi. "Baba, wa ke wahala da takarda yanzu?
Karanto min lambar asusunka."

Muna cikin cunkoson Kejetiya,
yaron mota na rigima kan canji,
sai wayata ta yi ƙyat, kamar tsaka a bango.
Dubu tamanin.
Ba wanda ya waiga.
Kukan nan dai shi take yi
in 'yata Indo ta turo min sidi ashirin na goro.

Kafin la'asar mai sayar da kayan gyara ya ji ƙanshi.
Yarana na gareji, Kwabena da Ɗanjuma, wata biyu suke bi.
Mai gida. Kuɗin makaranta. Bashin injin walda.
Babban yatsa kaɗai ya yi rabon,
ban ƙirga ba, ban lashi yatsa ba,
ba wanda ya durƙusa ya ce an gode.
Da aka kira isha'i
abin da ya rage ba zai sayi tayar tirela biyu ba.

Na sani, na sani.
Ba ɓarawo, ba ruwan sama, ba harafi.
Wanda ya tsaya jiran jiya, yau ta wuce shi.

Gobe akawu ya ce in mayar masa da cek ɗinsa.
Amma daren nan yana nan ƙarƙashin matashina,
da sifilinsa huɗu a jere, ko ɗaya bai ragu ba,
da sunan wani Baramu
wanda har yanzu bai biya kowa ba.

Tasalla ta ninke rigar Juma'a,
ta ce wuyanta ya ɗan taɓa baƙin mai.